Daga Maraɗi zuwa Matamaye: rundunar da ke ƙarƙashin jigawa

Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai wajen kilomita 235 na kwalta, kuma a watan Agusta matafiyi ba ya ganin komai dama da hagu sai hatsi. Gona ce ke bin gona tun daga fitar gari har Takeita, babu saura, babu dajin da za a ce an bar shi ya huta. Wannan yanki shi ne rumbun Nijar, shi ne kuma inda jama'a ta fi cunkoso. Ƙidayar shekarar 2012 ta ba jahar Maraɗi mutum miliyon 3,4, ta ba jahar Damagaram miliyon 3,5, alhali a ƙidayar 1988 Nijar baki ɗaya ba ta wuce miliyon 7,2 ba. Bakuna sun ninka, gonaki kuwa suna nan yadda kakanni suka bar su, sai dai rabon gado da ke ƙara tsattsage su.

Ƙasar da ake roƙo ta ciyar da wannan jama'a rairayi ce. Manoman Katsinar Maraɗi sun raba ta gida uku: jigawa mai sauƙin noma, geza mai tauri, da fadama ta bakin gulbi. Mafi yawan hatsinmu a jigawa yake fitowa, ita kuwa jigawa fiye da kashi 90 cikin 100 nata rairayi ne tsantsa, ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa ekta guda ta hatsi a ƙasarmu, idan aka haɗa mai kyau da maras kyau, wajen kilo 500 kawai take bayarwa.

Manomi idan ya ga haka cewa yake yi gona ta gaji, ko kuwa gona ta mutu. Kalmar ta fi yadda ake zato gaskiya, domin abin da ba shi da rai ba ya mutuwa. A cikin ƙasar da ba ta wuce cikin cokali ba, idan tana da lafiya, akwai miliyoyin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin masana, kuma su ne ke dafa wa shuka abincinta. Su muka biyo wannan hanya mu duba: inda suke, abin da ke kashe su, da kuma ko gaskiya ne ana iya sayo su a cikin leda a zuba a gona.

Tarna, inda ake auna ƙasa

A gefen Maraɗi, kusa da gulbi, akwai tashar binciken noma ta Tarna, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa, ta koma hannun cibiyar INRAN bayan kafa ta a 1975. Abin da aka daɗe da tabbatarwa a nan, da kuma a cibiyar ICRISAT ta Sadore kudu da Yamai, shi ne cewa yunwar jigawa iri biyu ce. Ta farko yunwar fosfor, wanda shi ne ke sa saiwa ta kama da wuri, ta biyu yunwar azot, wanda shi ne ke sa ganye ya yi shar. Aikin da masani André Bationo da abokansa suka yi shekara da shekaru a Sadore ya nuna cewa sau da yawa rashin fosfor ya fi ƙarancin ruwa takura wa hatsi, domin shukar da ba ta yi saiwa ba ko ruwan da ya sauka ba ta iya sha.

Maganin da aka fara kawowa shi ne takin zamani, amma tsadarsa ta sa aka ƙirƙiro dabarar ɗan tsunkule: giram 6 na takin 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a cikin kowane rami lokacin shuka. Da yake ekta guda tana ɗaukar rami wajen 10.000, kilo 60 na na farko ko kilo 20 na na biyu sun wadatar. Dabara ce mai kyau, ta kuma yi amfani. Sai dai buhun taki daga bakin teku yake zuwa. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2006 suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace ekta kafin 2015, wa'adin ya wuce manomin Nijar bai ko kusanci wannan adadi ba. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya cilla farashi sama, rufe iyakoki a 2023 ya ƙara wa Barno dawaki. Duk wanda abincinsa ke rataye da jirgin ruwa da kamyo, ranar da aka rufe hanya ya san matsayinsa.

A nan Maraɗi ne kuma matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya, tare da masanan INRAN, suka gwada wani taki da ba a saye: fitsarin mutum da aka ajiye cikin jarka a rufe wata biyu zuwa uku har zafi da ƙarfinsa suka kashe ƙwayoyin cuta. Suka raɗa masa suna Oga domin a kauce wa ƙyamar sunansa na asali. Gwajin da aka yi a ɗaruruwan gonaki daga 2014 zuwa 2016 ya nuna ƙarin hatsi wajen kashi 30 cikin 100. Mata ne suka fi rungumarsa, saboda su ake ba gamana mafi nisa da gari, wadda taki ba ya kai gare ta.

Cadawa: abin da saiwar wake ke ɓoyewa

Bayan Cadawa gonaki suna nuna tsohon tsarin noman ƙasar Hausa: layin hatsi, a tsakani wake ya yaɗu, can gefe ɗan fegin gujiya. Wanda ya tsaya ya tono wake guda da ya fara fure, ya kakkaɓe rairayin a hankali, zai ga ƴan ƙulle-ƙulle manne da saiwa kamar ƙwayar dawa. Mutane da yawa suna ɗaukarsu ciwo. A matse guda da farce: idan cikinsa ja-ja ne kamar nama, to ana aiki a ciki, idan fari ne ko kore, gidan banza ne.

Masu wannan gida su ne ƙwayoyin bakteriya da masana ke kira rizobiyom. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata azot ne, amma shuka ba ta iya cinsa a haka, kamar mai ƙishirwa ne a tsakiyar ruwan gishiri. Rizobiyom ke shiga ta gashin saiwa, wake ya gina masa ɗaki, ya riƙa aiko masa da sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana, shi kuwa ya kamo azot na iska ya juya shi ya zama abin da shuka ke iya sha. Jan launin nan na cikin ƙullin dangin abin da ke sa jininmu ja ne, aikinsa shi ne tsare iskar oksijen kada ta yi yawa ta ɓata aikin. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da wannan ciniki a 1886, wani ɗan Holan, Beijerinck, ya ware ƙwayar a 1888. Manomin Gobir da na Katsina kuwa sun daɗe da sanin cewa hatsin da ya gaji wake ko gujiya ya fi kyau, ko da ba su san sunan ma'aikacin ba.

Dattawan wannan yanki suna tuna lokacin da gujiya ce sarauniya, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke tara buhuna kamar tsauni a kasuwannin saye. Fari na 1973 da cutar kuturtar gujiya ta 1975 suka karya wannan noma. Wake ya maye gurbi, har Nijar ta zama ta biyu a duniya bayan Najeriya wajen nomansa. To amma akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. Azot ɗin da rizobiyom ya kamo, mafi yawansa a cikin ƙwaya da ganye yake taruwa. Idan kaka ta yi aka tsinke wake aka kai kasuwa, aka tumɓuke harawa har saiwa aka ɗora bisa rufin ɗaki ko aka sayar wa masu kiwon tumaki a birni, abin da ya rage wa gona kaɗan ne. Sai fa idan kashin dabbar da ta ci harawar ya komo inda aka yanko ta.

Ɗan Saga: dajin da ke ƙarƙashin gona

Daga Agye hanya ta rabu zuwa ƙauyen Ɗan Saga, wanda sunansa ya kai nesa saboda itatuwa. Wanda ya san wannan yanki a 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, ya san fili ne fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka har a yi shuka sau uku ko huɗu a damana guda. A lokacin manomin kirki shi ne mai tsabtatacciyar gona: a sare kowane toho, a tara a ƙone. Dokar daji kuma ta mai da itace dukiyar gwamnati, saboda haka wanda ya bar itace a gonarsa ya jawo wa kansa malaman daji da tara.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sassabewa kowace shekara kututturan manyan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a zurfi. Maimakon dasa sabo wanda rani zai kashe, sai a zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kututture, a rage sauran, a tsare su daga dabba da gatari. Wannan ne aka sa wa suna sassabin zamani. A Ɗan Saga mutane suka kafa kwamitin tsaro, maza da mata har da makiyaya, domin hana saran dare. Masanan da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen ekta miliyon 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyon 200. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan wata doka ta watan Yuli 2020 ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa.

An yi ta magana a kan itacen wuta da inuwa da kare iska, amma ribar da ta fi girma a ƙasa take. Sabara da kalgo, waɗanda suka cika waɗannan gonaki, ba sa kamo azot na iska. Duk da haka binciken da aka yi shekaru da dama a Senegal, a yankin Ciyes da na Nioro, ya nuna cewa ƙasar gindinsu ta fi ta fili yawan ƙananan halittu da ire-irensu, kuma idan aka bar su da yawa a gona, ana sassabe su ana mayar da ganyen cikin ƙasa, hatsi da gujiya suna ƙaruwa sosai. An kuma gano cewa da dare saiwar sabara tana jawo ruwa daga zurfi ta sake shi a saman ƙasa, har a 2018 aka tabbatar cewa wannan ruwa yana shiga jikin hatsin da ke kusa. Ɗan danshin nan shi ke riƙe ran ƙananan halittu a tsawon rani, lokacin da ƙasar fili ta zama kasko.

Tasawa: zaren da ya fi gashi siranta

A tsakanin Gazawa da Tasawa ana ganin gonaki da suka yi jajir da furen ƙuduji, hatsin cikinsu ya tsugune bai kai gwiwa ba. Kowane manomi ya san ƙuduji abokin gajiyayyar gona ne. Dalilin haka sai a 2005 masana a Japan suka warware shi, kuma labarin ya bi ta kan wata halitta ta biyu.

Ita ce wata irin fumfuna da ke zaune cikin saiwar mafi yawan shuke-shuken duniya, har da hatsi da dawa da wake, wadda wani Bajamushe mai suna Frank ya kira mikoriz a 1885. Daga cikin saiwa take fitar da zare wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, zaren ya ratsa tsakanin ƙwayoyin rairayi ya kai inda saiwa ba ta isa. Fosfor ba ya tafiya cikin ƙasa, inda yake nan yake tsayawa, saboda haka saiwa tana cinye na kusa da ita ta zauna da yunwa. Zaren mikoriz ke zuwa ya ɗebo na nesa, ya haɗo da ruwa da wasu ma'adinai, shuka kuma ta biya shi da sukari. Idan hatsi ya ji yunwar fosfor sai saiwarsa ta saki wani sinadari cikin ƙasa domin kiran wannan aboki. Irin ƙuduji, wanda ke iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma, da wannan kira yake farkawa. Ke nan gwargwadon yunwar gona, gwargwadon ƙarfin kiran, gwargwadon yawan ɓarawon da zai amsa. Gwaje-gwajen da aka yi kan dawa a arewacin Kamaru sun nuna cewa shukar da mikoriz ta kama da wuri ƙuduji ya fi raga mata.

Abin da ke kashe wannan zare sananne ne: ƙasa tsirara a rana, ƙona kara da ganye, da noman hatsi bisa hatsi shekara da shekaru. Gwajin da masanan ICRISAT da na jami'ar Hohenheim ta Jamus suka yi a gonakin Nijar, wanda suka bayyana a shekarar 2000, ya nuna cewa hatsi ko dawar da aka shuka bayan wake mikoriz ta fi saurin kama saiwarsu, tsutsotsin da ke cin saiwa kuma sun ragu. Ashe ribar juya shuka ba a azot kaɗai ta tsaya ba.

Sai dai mikoriz ɗan aike ne, ba ya ƙirƙirar fosfor ɗin da babu. Nijar kuwa tana da nata. Arewa da Tawa akwai duwatsun fosfat da aka haƙa aka niƙa a shekarun 1970 da 1980, amma garin bai karɓu ba, domin iska na kwashe shi wajen watsawa, ga shi da jinkirin narkewa, manomi ba ya ganin amfaninsa a shekarar farko. Idan aka cuɗa shi cikin ramin takin gargajiya, tsamin da ƙananan halittu ke fitarwa wajen ruɓar da taki yana taimakawa ya narke. A can Adar ma, ramukan tassa da manoman Illela suka koyo daga Yatenga ta Burkina a 1989 bisa wannan hikima suke: a zuba taki a rami, gara ta zo ci, ta huda fako da hanyoyinta, ruwa ya samu mashiga.

Matamaye, masarautar gawo

A Takeita aka bar babbar hanya aka yi kudu, kuma tun kafin Kance ƙasa take sauya kama. Gawo ne ko'ina, manya da matasa, wani wuri har rassansu na neman haɗuwa, dukansu tsirara babu ganye a tsakiyar damana kamar an yi musu aski. Ƙarƙashin kowane guda hatsi ya yi baƙi ƙirin don kore, ya fi na fili tsawo, har daga mota ana iya zana iyakar inuwar da babu ita. Gundumomin Matamaye da Magarya da Mirya suna cikin mafi cunkoson jama'a a ƙasar nan, su ne kuma suka fi yawan gawo, kuma mutanensu ba su jira wani shiri daga waje ba kafin su raine shi. A Damagaram har yau ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa doka mai tsanani a kan saran gawo.

Gawo yana yin komai a juye. Yana zubar da ganye da faɗuwar ruwa, daidai lokacin da shuka ke bukatar taki da haske, ya sake toho da kaka. Da rani, sa'ad da babu ɗanyen abu, shi ke da inuwa da ƴaƴa, dabbobi su taru gindinsa su ci su yi kashi a nan. Dangin wake ne, yana da nasa rizobiyom, har masanan ORSTOM a Senegal suka bayyana a 1992 cewa sun same shi a ƙarƙashin gawo a zurfin da ya wuce mita 30. Saiwarsa na ɗebo abin da ruwa ya wanke zuwa ƙasa ta mayar da shi sama ta hanyar ganye. Inuwarsa ta rani tana rage zafin rairayi, wanda a fili yake wuce digiri 50 da tsakar rana, zafin da ke ƙona ƙananan halittun saman ƙasa ya kuma ƙona sabon tsiro. Wato masana'antar taki ce wadda ba ta neman kuɗin waje, ba ta tsoron rufe iyaka.

Kayan cikin leda

Daga Matamaye Daura ba nisa, kamar yadda Jibiya take kusa da Maraɗi, kuma ranar kasuwa ana ganin kwalabe da ƴan ledoji masu hoton ƙaton zangarniya, ana cewa takin zamani ne mai rai. Tambayar da ke bakin kowa ita ce ko abin gaskiya ne.

Asalinsa gaskiya ne, kuma tsoho ne, domin tun 1896 aka fara sayar da rizobiyom a Jamus da sunan Nitragin. Ƙasar Barazil ta gina nomanta na waken soya bisa wannan: ana shafa wa iri ƙwayoyin kafin shuka, ba a zuba takin azot, ana tsimin biliyoyin dalar Amurka kowace shekara. Masaniyar da ta ba da rayuwarta ga wannan aiki a cibiyar Embrapa, Mariangela Hungria, ita ta karɓi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025. Kusa da mu, cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa irin wannan gari mai suna NoduMax domin waken soya, kuma shirin N2Africa, daga 2009 zuwa 2019, ya gwada ire-irensa a dubban gonaki a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe. Yadda ake amfani da shi ba wuya: a zauna a inuwa, a ɗan jiƙa iri da ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a bari ya sha iska a inuwa, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi.

To amma akwai sharuɗɗa uku da mai talla ba ya faɗa. Na farko, waken soya baƙo ne a Afirka, bai tarar da abokinsa a ƙasa ba, shi ya sa yake amsawa sosai. Wakenmu da gujiyarmu kuwa suna shiri da rizobiyom ɗin da ke cikin ƙasarmu tun fil azal, saboda haka ƙarin na leda wani lokaci ya yi amfani, kamar yadda aka gani a arewacin Gana da wasu zaɓaɓɓun iri daga Barazil, wani lokaci kuma ba a ga bambanci ba. Inda aka fi ganin riba shi ne inda aka haɗa da ɗan fosfor. Na biyu, abin da ke cikin ledar rai ne da shi. Ledar da ta yini bisa tebur a ranar Afrilu, ko ta wuce wa'adinta, gawa ce ake sayarwa, kuma ido ba ya bambanta mai rai da matacce. Na uku, kasuwar cike take da algus. Wani shirin IITA mai suna COMPRO ya auna fiye da iri 100 na waɗannan kaya daga kasuwannin Kenya da Habasha da Najeriya tun daga 2009, kaɗan ƙwarai ne suka yi abin da aka rubuta a jikinsu.

Saboda haka shawara ga mai son gwadawa ita ce ya duba wa'adi, ya tambayi inda aka ajiye kayan, ya nemi malamin gona, sannan ya raba fegi biyu daidai, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, ya sa wa ɗaya ya bar ɗaya. Da fure ya tono ya duba ƙulle-ƙullen, da kaka ya auna da tiya. Gani ya kori ji.

Abin da ya rage a yi

Wannan hanya ta koya mana cewa tsari yana da gaba da baya. Baƙon da aka sayo a leda, ko da mai rai ne, idan aka sauke shi a gonar da babu ganye, babu kara, babu kashin dabba, babu inuwa, yunwa da zafi za su kashe shi kafin ya yi aiki. Sai an gyara masauki ake kiran baƙo. Masaukin kuwa shi ne gawo da sabara da kalgo a tsaye, kara a kwance, wake yana juyawa da hatsi, da takin gida yana komawa gona.

Nan ne wahalar take, domin karan da ƙasa ke so shi ne akuya ke so, shi ne uwargida ke hura wuta da shi, shi ne ake darni da shi, kuma yana da farashi a kasuwa. Tsohuwar yarjejeniyar da makiyayi ke kwana da garkensa a gona bayan girbi, a ba shi dami ya bar taki, ta yi rauni tun da burtali ya ƙuntata, rigima ta yawaita. Ba a ce wa mai gona ekta ɗaya da baki goma ya bar kara don ƙananan halittu, sai an nuna masa abin da zai ba tunkiyarsa. Amsar tana cikin itatuwan nan: ƴaƴan gawo abincin dabba ne, rassan da aka rage itacen wuta ne, kowane dami na itace da aka samu a gona kara ne da ya tsira ya kwanta a ƙasa.

Ga hukuma kuma aiki biyu ne. Na farko a samu wurin auna duk wani kaya da ke shigowa da sunan taki mai rai kafin ya kai hannun talaka, domin manomin da aka cuta sau ɗaya ba zai sake yarda ba ko da an kawo na gaskiya. Na biyu a ba masananmu na INRAN da na jami'o'in Yamai da Maraɗi abin aiki su zaɓo rizobiyom da mikoriz daga cikin jigawarmu, waɗanda suka saba da zafinmu da farinmu, su haɗa su da fosfat ɗin Tawa, maimakon a dogara da na ƙasashen sanyi. Yaran da aka haifa a Kance da Cadawa a wannan damana, gonar da za su gada ba za ta kai rabin ta kakanninsu ba. Faɗinta ya riga ya wuce gyara, abin da ya rage a hannunmu shi ne ranta. Allah ya ba mu damana mai albarka.